Mowa da Bora a Faifan Exodus na Bob Marley

 

Yau hirar tamu ta kiɗa ce. Akwai wata gardama da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa a tsakanin masu sauraron kiɗan rege, kuma mu ma mazauna Kudu ba a bar mu a baya ba, musamman waɗanda suka tashi a Legas ko Ibadan ko Fatakwal cikin shekarun 1980, lokacin da su Majek Fashek da Ras Kimono ke tashe, kuma da wuya ka wuce shagon mai sayar da kaset ba ka ji muryar Bob Marley ba. Gardamar ita ce: a cikin waƙoƙi 10 da ke faifan Exodus, wacce ce mowa, wacce ce kuma bora? Takan fi zafi idan 11 ga Mayu ta zagayo, wato ranar da mawaƙin ya mutu a 1981, domin ranar ce ake wuni ana jin waƙoƙinsa, kowa kuma ya fito da tasa fatawar.

Ni dai ra'ayina shi ne, yawancin masu wannan gardama rabin faifai suka saurara suka yanke hukunci. Waƙoƙin da suke kira bora su ne suka ɗauki nauyin faifan, waɗanda suke kira mowa kuwa daga can suka samo gishirinsu. Amma kafin in kawo hujja, bari mu fara sanin halin da aka yi faifan a ciki, domin wanda bai san mafarin magana ba, ba zai san inda ta dosa ba.

Yadda aka haifi faifan

A daren 3 ga Disamba, 1976, wasu 'yan bindiga suka kutsa gidan Bob Marley mai lamba 56 a titin Hope da ke Kingston, babban birnin Jamaika, suka buɗe wuta. Harsashi ya gogi ƙirjinsa ya shige hannunsa, an harbi matarsa Rita a ka, shi kuwa manajansa Don Taylor ya fi kowa jin jiki. Cikin ikon Allah babu wanda ya mutu. A lokacin ƙasar na dab da zaɓe, ana zubar da jini tsakanin magoya bayan Firayim Minista Michael Manley na jam'iyyar PNP da na Edward Seaga na jam'iyyar JLP. Kwana biyu da harin, Bob ya hau dandamali da raunukansa ya yi wasan nan da aka yi wa laƙabi da Smile Jamaica, sannan ya tattara ya bar ƙasar. Ya fara yada zango a Bahamas, daga nan ya wuce Landan, inda ya yi zaman gudun hijira na sama da shekara guda.

A wannan zama ne shi da ƙungiyarsa ta Wailers suka shiga ɗakin ɗaukar waƙa a farkon 1977. Aston Barrett, wanda ake kira Family Man, shi ke riƙe da jitar bes, ƙaninsa Carlton Barrett yana kan ganguna, Tyrone Downie yana kan fiyano, ga sabon ɗan jita Junior Marvin, ga kuma mata uku 'yan amshi, Rita Marley da Marcia Griffiths da Judy Mowatt. Sun ɗauki waƙoƙi masu yawa har suka ishi faifai biyu: Exodus ya fito ranar 3 ga Yuni, 1977 a ƙarƙashin kamfanin Island, ragowar kuma aka fitar da su a faifan Kaya cikin 1978. Exodus ya yi mako 56 a jere a jerin faya-fayan da suka fi kasuwa a Ingila, kuma a 1999 mujallar Time ta zaɓe shi a matsayin faifan da ya fi kowanne a ƙarni na 20.

Abin lura a nan shi ne, faifan garmaho fuska biyu gare shi, haka ma kaset. An zuba waƙa biyar a kowace fuska, kuma ba da ka aka zuba su ba. Fuskar farko ta ƙunshi Natural Mystic, So Much Things to Say, Guiltiness, The Heathen, sai Exodus. Dukkansu maganar zalunci ce da sakayya da imani da ƙaura. Fuska ta biyu kuma ta ƙunshi Jamming, Waiting in Vain, Turn Your Lights Down Low, Three Little Birds, sai One Love. Waɗannan na nishaɗi ne da soyayya da kwantar da hankali. Mai karatu ya riƙe wannan rabo da kyau, domin a kansa gardamar duka ta ginu.

Abin da masoya ke cewa a kan mowa

Idan ka saurari masu gardamar za ka ga sun kasu gida uku.

Gida na farko su ne mafiya yawa, kuma su mowarsu ba ta wuce Three Little Birds ko One Love. Hujjarsu mai sauƙi ce: waƙar da yaro da babba suka haddace, wadda ko wanda ba ya jin Turanci zai iya bin amshinta, ai ita ce ta ci gari. Kuma gaskiya suna da abin kafa hujja. Three Little Birds minti uku ce kacal, amma ta shiga inda sauran ba su shiga ba, har magoya bayan ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Ajax a ƙasar Holan sun mai da ita takensu a filin wasa. Ita kuwa One Love, hukumar yawon buɗe ido ta Jamaika ta daɗe tana tallata ƙasar da ita.

Gida na biyu su ne masu kunnen kiɗa da kuma waɗanda soyayya ta taɓa gasa wa aya a hannu. Su Waiting in Vain suka riƙe. Labarin saurayi ne da ya shekara uku yana zarya ƙofar gidan yarinya bai san matsayinsa ba, kuma duk wanda ya taɓa yin zance ya san wannan ciwo. Sukan ce a saurari yadda jitar Junior Marvin ke kuka a tsakiyar waƙar, sukan ce babu inda muryar Bob ta yi laushi irin nan. Masu rubuta tarihinsa da dama sun danganta waƙar da Cindy Breakspeare, wadda ta ci gasar sarauniyar kyau ta duniya a 1976, kuma ita ce mahaifiyar ɗansa Damian.

Gida na uku su ne tsofaffin hannu, waɗanda suka mallaki kaset ɗin tun asali. Su kansu a rabe suke tsakanin Natural Mystic da Exodus. Masu son Natural Mystic sukan yaba yadda take shigowa a hankali, kiɗan ya fara can ƙasa-ƙasa kamar hadari yana haɗowa daga gabas, har sai ka ɗauka rikodarka ce ta lalace ka kai hannu za ka ƙara murya, sai kawai ganga ta faɗo. Masu son Exodus kuwa cewa suke yi ai waƙar da aka raɗa wa faifai sunanta ita ce uwar gida, sauran duk amare ne.

Jamming ita ce 'yar lelen kowa. Ba kasafai ake kiranta mowa ba, amma ban taɓa jin wanda ya kira ta bora ba.

Abin da suke cewa a kan bora

A nan ne ake yin ta. 'Yan gida na farko ba sa ɓata lokaci, sukan nuna Guiltiness da The Heathen, wani lokaci su haɗa da So Much Things to Say. Ƙorafinsu shi ne waƙoƙin uku sun yi kama da juna, kiɗansu ya yi nauyi, babu amshin da mutum zai tafi da shi yana rerawa a hanya, kuma sun cika wa'azi. A zamanin kaset irin waɗannan mutane ne ke danna maɓallin gaba, ko su juya kaset tun fuskar farko ba ta yi nisa ba. Yanzu da waya ta zo abin ya fi sauƙi, yatsa ɗaya ya isa.

Tsofaffin hannu kuwa Turn Your Lights Down Low suke jifa. Akwai ma masu tsaurin ra'ayi a cikinsu da ke cewa Three Little Birds ce bora, wai waƙar 'yan makarantar firamare ce, kuma an sa ta an sake sawa har ta gundure su.

Inda gizo ke saƙar

Me ya sa mafiya yawa suka karkata ga fuska ta biyu? Amsar tana cikin wani faifan daban. A 1984, shekara uku bayan mutuwar Bob, kamfanin Island ya tattaro zaɓaɓɓun waƙoƙinsa 14 ya fitar da su da sunan Legend, wanda ya zama faifan rege mafi ciniki a tarihi. Biyar daga cikin 14 ɗin nan daga Exodus aka ɗebo su, kuma huɗu cikin biyar ɗin daga fuska ta biyu suke: Jamming, Waiting in Vain, Three Little Birds da One Love. Daga fuskar farko waƙa ɗaya tak aka ɗauka, ita ce Exodus. Wanda aka ɗora wa aikin zaɓen, Dave Robinson, Turawan da ba su saba da rege ba yake son ya jawo, don haka ya fifita Bob mai murmushi a kan Bob mai ɓacin rai. Ta fuskar kasuwa ya ci riba, ba a musu. Sai dai sakamakon shi ne miliyoyin mutane sun san Exodus ne ta bakin Legend. Mutum zai rantse maka ya san faifan ciki da bai, alhali Guiltiness ko sau biyu bai taɓa saurara ba. To yaya wanda bai zauna da mace ba zai ce ita ce bora?

Mu duba waɗannan da ake rainawa. So Much Things to Say martani ce ga masu surutu da masu cin amana, inda ya tuna yadda aka yi da Annabi Isa a fahimtar Kirista, da Marcus Garvey, da Paul Bogle wanda Turawan mulkin mallaka suka rataye a 1865 bayan boren Morant Bay. Mutumin da aka nemi ransa a cikin gidansa ne yake lissafa waɗanda aka ci amanarsu kafin shi. Guiltiness kuma ta kwatanta azzalumai da manyan kifaye masu rayuwa a kan ƙanana, tana yi musu albishir da cewa alhaki kwikwiyo ne. Ita kuwa The Heathen, kada sunanta ya ruɗi mai karatu. Kalmar a Turanci tana nufin marar addini, amma 'yan Rasta daga Baibul suka ɗauko ta, kuma a bakinsu azzalumai da 'yan korensu ake nufi. Waƙar kira ce ga wanda aka kayar da ya miƙe ya koma fagen fama. A nan ne Junior Marvin ya fi sakin jitarsa, kuma duk wanda ya kalli hoton wasan da suka yi a zauren Rainbow na Landan cikin Yunin 1977 ya san yadda take girgiza jama'a.

Waɗannan waƙoƙi uku su ne amsar Bob Marley ga daren 3 ga Disamba. Idan ka cire su, ka cire dalilin da ya sa aka yi faifan.

Yanzu mu koma ga fuska ta biyu da wannan a zuciya. Idan mutumin da bai taɓa shiga wani hali ba ya ce maka ka kwantar da hankalinka komai zai daidaita, za ka ce masa ya yi ta kansa, domin wanda bai sha bugu ba shi ke cewa a yi haƙuri da sauƙi. Amma idan wanda harsashi ke kwance a cikin hannunsa, wanda ya baro gidansa da ƙasarsa yana zaune cikin sanyin Landan, shi ne ya faɗa maka haka, dole ka tsaya ka saurara. Darajar Three Little Birds ke nan. Ita kaɗai, waƙar talla ce mai daɗi. Amma idan ta zo bayan ka ratsa fuskar farko, sai ta zama kamar ruwan sanyi bayan doguwar tafiya. Saboda haka 'yan gida na farko da masu tsaurin ra'ayin da ke kiranta waƙar yara duk kuskure ɗaya suka yi, sun ɗauke ta daga cikin danginta suka auna ta ita kaɗai.

Haka abin yake ga One Love. Tsohuwar waƙa ce da Wailers suka fara ɗauka tun 1965, lokacin Peter Tosh da Bunny Wailer suna cikin ƙungiyar, aka sake ta a nan tare da aron wani sashe na People Get Ready ta Curtis Mayfield, shi ya sa sunansa ke cikin marubutanta. Jama'a amshin kawai suka riƙe. Wanda ya bi baitocin zai tarar ana maganar ranar hisabi da makomar wanda ya cuci bayin Allah don son ransa. Wato sulhun da take kira gare shi ba na a shafa wa azzalumi mai a baki ba ne. Ko Jamming da ake rawa da ita, akwai zancen harsashi a cikinta. Kuma ita ce waƙar da yake rerawa ranar 22 ga Afrilu, 1978 a Kingston, bayan ya koma gida, lokacin da ya kira Manley da Seaga kan dandamali ya haɗa hannuwansu sama a gaban jama'a.

Nawa hukuncin

To, mai karatu zai ce na yi ta kewaye-kewaye, ni wacce na zaɓa? Mowata ita ce Exodus. A wajenmu idan mawaƙi ya yi waƙar da ya zuba dukkan basirarsa da tarihinsa da abin da ya yi imani da shi, mukan kira ta bakandamiya, kamar yadda Narambaɗa da Shata kowanne yake da tasa. Exodus ita ce bakandamiyar wannan faifai. Ya ɗauko ƙissar fitar Annabi Musa da Banu Isra'ila daga Masar, ya haɗa ta da burin baƙar fatar da aka kwashe zamanin cinikin bayi na komawa Afirka, sannan ga tasa hijirar da yake ciki. Labari uku a cikin waƙa ɗaya. Aƙidar Rasta daban, tamu daban, wannan ba a ɓoye yake ba, amma ba sai ka bi aƙidar mutum ba kafin ka gane zafin da ke muryarsa.

Masu sukar ta sukan ce ta yi tsawo, kusan minti takwas, kuma kiɗan a wuri ɗaya yake ta juyawa. Gaskiya ne, amma da gangan ne. A yawancin kiɗan rege na wancan lokaci, makaɗi yakan bar bugun farko fayau ya sauke nauyi a kan na uku, shi ya sa kiɗan ke rangaji. A Exodus kuwa Carlton Barrett yana sauke gangar ƙafa a kan kowane bugu, bes ɗin yayansa yana biye, sai abin ya koma kamar takun ayari. Ayari kuwa ba ya sauya taku don mai kallo ya gaji. Kuma ni ina mamakin Bahaushen da zai zauna ya saurari kalangun Shata na rabin awa a kan kari ɗaya yana gyaɗa kai, sannan ya ce minti takwas sun yi masa yawa. Bugu da ƙari, dubi inda aka ajiye ta: ita ce ƙarshen fuskar farko. Ta kwashe ka daga cikin ɓacin rai ta kai ka bakin ƙofar fuska ta biyu. Ita ce gadar da ta haɗa ɓangarorin biyu, in babu ita faifan ya rabe gida biyu.

Bora kuwa, a nan ina tare da tsofaffin hannu: Turn Your Lights Down Low ce. Ba don ba ta da daɗi ba. Matsalarta ita ce ta zo dab da bayan Waiting in Vain, tana neman yin aikin da waccan ta riga ta gama, kuma ba ta kai ta ba. Waiting in Vain akwai fargaba a cikinta, akwai jira, akwai tsoron a mai da mutum abin wasa. Wannan kuwa rarrashi ne zalla daga farko har ƙarshe. Ita kaɗai ce a cikin goman da za ka ɗauke ka kai ta faifan Kaya ta zauna daram, Exodus kuma bai rasa komai ba. Masu kare ta sukan kawo wadda aka sake haɗawa da muryar Lauryn Hill a 1999, wadda ta yi farin jini ƙwarai. Amma ai wannan hujja tawa ce, domin ta nuna waƙar tana buƙatar murya ta biyu kafin ta cika.

Me ya shafe mu?

Wani zai ce duk wannan dogon bayani a kan waƙar wani Bajamaike na mene ne? Dalilina biyu ne. Na farko, yaran da ke tasowa yanzu da yawansu ba su san komai game da mutumin nan ba sai gashin kansa da hayaƙin wiwi da hotonsa a jikin riga. Fim ɗin tarihinsa da ya fito a 2024 ya ɗan taimaka, tunda wannan zamani na harbi da hijira ya fi mai da hankali a kai, amma fim ba zai saurarar maka faifai ba. Na biyu, duk wanda ke zaune nesa da garinsu ya san mutum yakan kwana da abu biyu a zuciya. Akwai ɓacin ran abin da ya gani ko aka yi masa, akwai kuma buƙatar ya tashi da safe ya gaisa da maƙwabci, ya buɗe shago, ya yi dariya. Wanda ya riƙe na farko kaɗai zai ƙone, wanda ya riƙe na biyu kaɗai kuma za a mai da shi shashasha. Faifan nan ya ba kowanne fuska guda, kuma ya jera su yadda ya kamata: a fara faɗin gaskiya, sannan a yi sulhu.

Saboda haka shawarata ga masu gardama ita ce, kafin a sake zama a kan wannan batu, kowa ya nemi lokaci ya saurari faifan daga Natural Mystic har zuwa One Love ba tare da ya tsallake ko ɗaya ba. Duka-duka bai kai minti 40 ba, ko cunkoson motoci ɗaya na Legas ya fi shi tsawo. Bayan nan in mutum ya dawo ya ce har yanzu Three Little Birds ce mowarsa, ba ni da ja, domin a lokacin ya san abin da ya zaɓa. Wanda kuma yake ganin na zalunci Turn Your Lights Down Low, to ya zo da hujjarsa, kunnena a buɗe yake.

Allah Ya bar zumunci, Ya ba mu zama lafiya a inda muke, Ya kuma sa mu koma gida da alheri. Sai mun sake haɗuwa.